Bututun Roba Da Bututun Ƙarfe A Cikin Injin Jif

Duk wanda ya zauna Ikko, watau Legas, ko da na wata guda ne, ya taɓa ganin wannan abu: ƙatuwar mota irin wadda a ke kira jif, ta kuɗi masu yawa, tana tsaye a bakin hanya an ɗaga mata bonet, tururi na tashi kamar an buɗe madambaci, direba kuwa ya riƙe ƙugu yana kallo. A kan ga haka a Oyingbo, da kan titin Herbert Macaulay a nan Ebute Metta, da kan hanyar da ta tashi daga Mushin ta bi ta Oshodi zuwa Agege. Masu wucewa su kan ce direba ne ya manta bai zuba ruwa ba. Mai mota ma sau da yawa haka ya ke cewa, har abin ya kai ga korar direban. Da yawa daga cikin direbobin nan 'yan'uwanmu ne na Agege da Idi Araba da Obalende, masu iyali a wuyansu, waɗanda ba su da wata sana'a sai tuƙi.

Alhali kuwa a waɗansu irin motocin, ko da direba ya duba ruwa da asuba ya ga ya cika, kafin azahar yana iya tsiyayewa ƙaf. Abin da ke jawo haka wani bututu ne na roba da ke ɓoye a tsakiyar inji, inda ido ba ya kai. Nufina a nan in bayyana aikin bututun nan, da dalilin da ya sa ya ke fashewa, da yadda kanikawa ke cire shi su sa na ƙarfe, da kuma abin da na ƙarfen ke bukata kafin ya yi amfani.

Aikin ruwa a cikin inji

Inji wuta ya ke ci. A cikin ko wace silinda a kan gauraya man fetur da iska a kunna musu wuta, ƙarfin fashewarsu ya tura fistin ƙasa, shi kuma ya juya ƙafafun mota. Zafin wutar nan ya kan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Selsiyus. To, injunan manyan motocin zamani yawancinsu da alminiyam a ke zuba su, watau farin ƙarfen nan marar nauyi da waɗansu ke kira sanholo ko goran ruwa, shi kuwa a digiri 660 ya ke narkewa. Kun ga in ba a kwashe zafin ba, injin zai ci kansa da kansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin man da inji ya ƙone, ruwa ne ke ɗauke shi ya fitar.

Ga yadda abin ya ke tafiya. An bar waɗansu hanyoyi a cikin jikin injin kewaye da silinda, ruwa na bi ta cikinsu. Famfo ya tura ruwan, ya kwashi zafi, ya fita ta bututu zuwa lagireto a gaban mota. Can iska ta busa shi ya huce, ya komo ta wani bututun. A kan hanya akwai wata 'yar ƙofa da a ke kira tamostat, wadda ba ta buɗewa sai ruwa ya yi zafi kamar digiri 85 zuwa 95, domin inji ya fi aiki sosai in yana da ɗumi daidai, ba sanyi ba, ba kuma zafin da ya wuce kima ba.

Akwai wani abu da ya kamata mu riƙe. Ruwan da ke cikin tukunya a buɗe a nan bakin teku yana tafasa a digiri 100. Amma in an rufe tukunyar ruf, aka hana tururi fita, ruwan ba ya tafasa sai zafi ya wuce haka. Sabo da wannan ne aka yi wa murfin ruwan mota sifirin mai ƙarfi. Ya kan danne ruwan da nauyin da ya kai kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi a kan ko wane ɗan fili mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya, kamar girman farcen ƙaramin yatsa. Da dannewar kilo 1, ruwa zalla ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Ashe ke nan ko wane bututu da ke jikin injin yana ɗauke da ruwa mai zafin gaske, yana kuma jure turi daga ciki, tun daga lokacin da aka tayar da mota har a kashe ta.

Me ya sa aka koma roba?

A motocin da, irin su Peugeot 404 da 504 da iyayenmu suka sani, lagireto na tagulla ne da jan ƙarfe, bututai masu tauri na ƙarfe ne, sai tiyo mai laushi da ke haɗa su. In lagireto ya huje, mai walda ya liƙe shi da dalma a ci gaba da tafiya. Daga baya masu ƙera motoci suka juya ga roba mai tauri, ba don wauta ba kuwa, suna da hujjojinsu.

Robar nan ba irin ta bokiti ba ce. Nailan ce, wadda wani masani mai suna Wallace Carothers ya fara haɗawa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935. Don ta ƙara ƙarfi a kan cuɗa ta da siraran zaren gilashi, sau da yawa kashi 30 cikin 100. In kun ɗauki tsohon bututun mota na roba kuka goge shi, mai yiwuwa ku ga an buga PA66-GF30 a jikinsa, ma'anarsa ke nan. Irin wannan nailan ba ta narkewa sai wajen digiri 260, nesa da zafin ruwan inji. Nauyinta kusan rabin na alminiyam ne in girmansu ɗaya. Ba ta tsatsa. Ana narka ta a ɗura cikin mazubi, a fitar da bututu mai lanƙwasa da rassa uku ko huɗu cikin ɗan lokaci kaɗan, a kuɗi kaɗan. Wanda ke ƙera mota dubu ɗari, in ya rage 'yan kuɗi da ɗan nauyi a kan ko wace ɗaya, ribarsa ba ƙarama ba ce. Ga kuma dokokin Turai da Amurka da ke matsa wa kamfanoni su rage shan mai, mota marar nauyi kuwa ita ce marar shan mai.

Yadda roba ke tsufa

To, in ba ta narkewa, me ke fasa ta? Abu uku ne suka haɗu a kanta.

Na farko ruwan zafi. Nailan a asalinta dogayen sarƙoƙi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, sun sarƙe da juna kamar zaren saƙa. Ruwan zafi ya kan shiga tsakaninsu yana tsinka su ɗaya ɗaya. Shekara ta farko ba a ganin kome, ta biyar ma haka. Amma sarƙoƙin na gajarcewa, robar na rasa danƙonta, har ta koma kamar busasshen ƙwarya. Kanikawa sun san wannan: bututun da ya fito baƙi wuluk ya kan koma ruwan ƙasa, in an matsa bakinsa da yatsa sai ya marmashe.

Na biyu miƙewa da tsukewa. Ko wane abu in ya yi zafi ya kan miƙe, in ya huce ya tsuke. Sandar alminiyam mai tsawon mita ɗaya, in aka ƙara mata zafin digiri 80, ta kan ƙaru da kusan milimita 2. Roba ma tana miƙewa, amma ba daidai da ƙarfen da aka cusa bakinta a ciki ba. Sabo da haka duk sa'ad da aka tayar da mota aka kashe, sai an ɗan ja bututun an sake shi. Ku lissafa sau nawa a ke yin haka cikin shekara goma.

Na uku wurin haɗi. Bututu mai rassa sau da yawa ɓari biyu a ke zuba shi, sa'an nan a manne su da zafi. Layin mannewar nan shi ne ɗinkin rigar, nan ne kuma ya kan fara ɓarkewa.

In waɗannan uku sun gama aikinsu, sai turin ruwan ya ƙarasa. Wani bututun ya kan fara da tsattsafo, ya ba da kwanaki. Wani kuwa ya tsage gaba ɗaya, ruwan da ya fi lita 10 ya zube cikin 'yan mintoci.

Motocin da aka fi sani da wannan ciwo

Labarin da ya fi shahara shi ne na Porsche Cayenne, jif ɗin da kamfanin Porsche na Jamus ya fara fitarwa a 2002. Masu injin silinda takwas mai lita 4.5, na shekarun 2003 zuwa 2006, su ne abin ya shafa. Silindar irin wannan inji jeri biyu ne, huɗu dama huɗu hagu, sun buɗe kamar bakin gwafa, da kwari a tsakaninsu. A cikin kwarin nan aka shimfiɗa bututan ruwa na roba, aka rufe su da manifol, watau akwatin da ke raba wa silinda iska. Babu inda ya fi nan zafi a wajen inji, iska kuma ba ta ratsa shi. Daɗin daɗawa, kik ɗin tayar da mota yana kwance a ƙarƙashin bututan. In sun fashe, ruwa ya cika kwarin ya jiƙa kik, ya gangara baya ya taɓa robar da ke tare man giya. Gyara ɗaya ya zama uku.

Kamfanin ya fitar da bututan alminiyam na maye gurbinsu. Masu motocin a Amurka kuwa suka kai ƙara, aka tattara ƙararrakin a wata kotun tarayya a jihar Ohio a 2011. Daga baya aka yi sulhu, kotu ta amince da shi a 2014, kamfanin ya yarda zai biya masu motocin wani kaso na kuɗin gyara. Sulhun na masu mota a Amurka ne. Wanda ya sayi motar bayan ta ƙetaro teku ta sauka Apapa, daga aljihunsa zai gyara.

Na biyu su ne Range Rover da 'yan'uwanta na kamfanin Jaguar Land Rover na Ingila, masu injin lita 5.0 da aka fara a 2009, da ƙaninsa mai lita 3.0 da ya biyo baya. Waɗannan suna da bututun roba mai rassa a gaban inji, da wani da ya gitta a bayansa. A masu supacaja, watau na'urar da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi, wani sashen bututun yana ƙarƙashinta ne, ba a kai gare shi sai an ɗaga ta. Yawan fashewarsu a wurin ɗinki ya sa kamfanoni dabam dabam suka shiga zuba irinsu da alminiyam suna sayarwa.

Kada a ɗauka waɗannan kaɗai ne. Kusan ko wace mota ta zamanin nan tana da roba a hanyar ruwanta: kan lagireto, da gidan tamostat, da tulun ƙarin ruwa. Bambancin shi ne, a ƙaramar mota robar na fili, ana ganinta, canza ta aikin sa'a guda ne. A manyan jif ɗin nan kuwa tana binne, injin da za ta kashe kuma kuɗinsa ya isa sayen wata motar.

Me ya sa abin ya fi tsanani a Ikko?

Dalili na farko shekaru. Yawancin jif ɗin da ke yawo a garin nan tokunbo ne, watau an yi amfani da su a Amurka ko Turai kafin a sauke su a tashar Apapa ko Tin Can. Fenti na ƙyalli, kujeru na ƙamshi, amma bututun ya riga ya ci shekara takwas ko goma a cikin ruwan zafi. Mai saye yana ganin sabuwa ya saya, robar kuwa ta san shekarunta.

Na biyu gosulo. Mota in tana gudu, iska ce ke ratsa lagireto ta kuma share zafin da ke ƙarƙashin bonet. In ta tsaya cak, sai fanka kaɗai. Gadar Third Mainland, wadda aka gama a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, kuma mai mota na iya share sa'a guda ko fiye a kanta yana jan ciki, rana na dukan bonet, na'urar sanyaya ɗaki na ƙara wa lagireto nata zafin. Ma'aunin tafiya bai nuna an yi nisa ba, amma bututun ya dahu.

Na uku halinmu da ruwa. Mun saba in ruwan mota ya ragu, a sayi fiya wata a tsaga a zuba, ko a ɗebo na rijiya. Za mu komo kan wannan, gama shi ne babban abin da ke kashe na ƙarfen ma.

Alamun da direba zai lura da su

Ruwan inji ba ya ƙarewa don kansa, domin a rufe ya ke. In ka ga kana ƙara ruwa ko wane mako, akwai inda ya ke fita, ko da ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. A injin da ke da kwari, ruwan ya kan taru can sama ya ƙafe da zafi. Ka saurari hancinka: ruwan sanyaya inji yana da wani ƙamshi mai zaƙi zaƙi, an fi jinsa in an kashe mota bayan tafiya. Ka haska tocila ƙarƙashin manifol, in ka ga busasshen gari fari ko ja ja ya manne a ƙarfe, sawun ruwa ne. In ruwa na ɗiga daga tsakanin inji da giya, ko kik ya fara nauyin tashi, ka faɗa wa maigida tun a ranar, ka kuma faɗa a gaban wani.

In kuwa fitilar ruwa ta kama kana cikin tafiya, ko ka ga tururi, ka gangara gefe ka kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa Adekunle, ko in sauka daga gada tukuna. Kada kuma allurar zafi ta ruɗe ka, domin in ruwa ya zube duka, abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa kuma, yana iya nuna lafiya alhali inji na ƙonewa. Mintoci kaɗan sun isa kan injin, wanda kanikawa ke kira tof silinda, ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba. Sa'an nan kada ka buɗe murfin ruwa da zafi. Da ka sassauta shi dannewar ta tafi, ruwan da ya wuce digiri 100 ya tafasa gaba ɗaya ya watso maka a fuska.

Yadda a ke canza su

Aikin ba na gaggawa ba ne, ba kuma na bakin titi ba. Sai inji ya huce sarai. Bakanike ya cire kan batir, ya tsiyaye ruwan cikin daro, sa'an nan ya kwance manifol ko supacaja. Da ya ɗaga, abu na farko shi ne ya toshe ramukan iska da tsumma mai tsabta, don in noti ɗaya ko ɓarɓashin roba ya faɗa cikin silinda, an gudu ba a tsira ba.

Tsohon bututu ba ya fita salin alin. Sau da yawa sai an karya shi, bakinsa ya maƙale a cikin ramin ƙarfe. Dole a zaƙulo shi a hankali kada a karce ramin, a kuma tabbata babu guntun da ya shige hanyar ruwa, domin zai je ya toshe lagireto ko ya kakkarya fukafukan famfo. A goge ramin ya yi sumul. Sabon bututu yana zuwa da zobban roba masu laushi da ke hana yoyo a bakinsa. Sababbi a ke sawa, a ɗan shafa musu ruwan sanyaya inji su shiga ba tare da sun murɗe ba. A ɗaure notuna da sifana mai awo, daidai yadda littafin motar ya faɗa, gama alminiyam ba ya son a ci ƙarfinsa.

Tun da an riga an buɗe wurin, mai hankali ya kan duba tamostat da famfo da kik da ƙananan tiyo da ke can, ya canza wanda ya gaji, don kada a sake biyan kuɗin kwancewa bayan wata uku. In an mayar da kome, a zuba ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale a ciki, domin iska in ta tsaya a kan inji wurin ba ya samun sanyi. Daga nan a sa famfon gwaji a bakin tulun ruwa, a hura shi zuwa nauyin da aka rubuta a kan murfi, a zuba wa allura ido. In ta tsaya, aiki ya yi. In tana sauka, akwai saura. Mai mota ya nemi a yi wannan gwaji a gabansa, ya kuma karɓi tsofaffin bututan a hannunsa. Gani ya kori ji.

Ƙarfe ma yana da nasa magabci

Mu mutanen Ebute Metta bai kamata a koya mana wannan ba. Nan ne hedkwatar jirgin ƙasa ta Nijeriya da babbar ma'aikatar gyaransa. Hanyar dogo ta tashi daga Ikko ta isa Ibadan a 1901, a 1912 kuma jirgi ya fara haɗa Ikko da Kano, shi ne ya riƙa kwasar goron Agege zuwa arewa yana kawo shanu da fatake. Jiragen wancan zamani na gawayi ne, cikinsu ƙatuwar tukunyar ruwa ce mai ɗauke da bututan ƙarfe masu yawa. Babu roba ko ɗaya a ciki, duk da haka wanke tukunya da canza bututan da ruwa ya ci suna cikin manyan ayyukan masu gyara, har lokacin da injunan dizal suka karɓi aikin. Ruwa marar kyau ya kan bar dutse a jikin ƙarfe, ya kan kuma cinye shi.

Haka abin ya ke a mota. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma gishiri na huda shi ƙananan ramuka. In kuma ƙarfe iri biyu suna cikin ruwa ɗaya mai gishiri, sai su zama kamar batir, wutar lantarki 'yar kaɗan ta riƙa gudana tsakaninsu, alminiyam kuwa shi ne a ke ci. Ruwan rijiyoyin unguwannin da ke bakin ruwa a Ikko sau da yawa da ɗan gishiri a cikinsa. Sabo da haka wanda ya sa bututun alminiyam ya ci gaba da zuba ruwan rijiya, ya sauya wa ciwon kama ne kawai.

Maganin shi ne ruwan sanyaya inji na galan, wanda a ke kira kulan. Waɗansu su kan ce ai don ƙanƙarar Turai aka yi shi, mu ba mu da ƙanƙara. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma ba shi ke nan aikinsa ba. In an gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, ya kan ɗaga zafin tafasa da kamar digiri 7 ko 8. Abin da ya fi wannan, akwai magunguna a cikinsa da ke lulluɓe ƙarfe su hana ruwa cinsa. Magungunan suna ƙarewa da shekaru, don haka a ke juye shi a sa sabo a wa'adin da littafin mota ya faɗa. Iri iri ne kuma, launi ba ya nuna iri, a duba abin da aka rubuta a galan. A lura, guba ne mai zaƙi a baki. Kada a bar shi a daro inda yara ko awaki ko kyanwa za su kai.

Ba ko wane bututun alminiyam ne kuma nagari ba. Ku tuna tukwanen da maƙera ke zubawa da tsofaffin kayan inji: wata ta kan fito da ƙananan kofofi a jikinta, sai an ɗora ta a wuta a gane tana yoyo. Bututu mai araha ma haka, ko ya zo da kofa, ko bakinsa bai yi daidai da rami ba, ko zobbansa na banza ne. Wurin haɗi ya fi jikin bututun muhimmanci. A waɗansu injunan Porsche bakin bututun na ƙarfe ne, amma da gam aka manne shi, gam ɗin ya saki da zafi, har masu gyara suka koma yi masa walda ko su kafe shi da ƙusa.

Akwai kuma masu cewa gara a bar roba, wai ita ce ke fashewa ta ceci sauran in turi ya yi yawa. Wannan ba daidai ba ne. Aikin murfi ne ya saki ruwa in turi ya wuce iyaka, shi ya sa murfin da ya gaji ya kamata a canza shi. Abin da ke gaskiya cikin maganarsu shi ne, bayan an sa ƙarfe a wuri ɗaya, sauran robar da ta rage, ta lagireto da ta tulun ruwa, tana nan da shekarunta, dole a ci gaba da dubanta. Cire tamostat kuwa, da ɗaura fanka kai tsaye ga batir, waɗanda a ke yawan yi a garejinmu, ba sa warkar da yoyo. Ɓoye alamar su ke yi, inji kuma ya riƙa aiki da sanyi yana shan mai fiye da kima.

To, wanne za a zaɓa?

Wanda zai shiga kasuwar Ladipo a Mushin neman bututu, hanya uku ke gabansa. Akwai na alminiyam daga kamfanin da aka sani. Shi ne ya fi, musamman a wurin da ke binne a ƙarƙashin manifol, inda kuɗin kwancewa ya fi kuɗin bututun. Akwai sabon na roba na ainihi. Shi ma ba laifi, zai yi shekaru kamar yadda na farko ya yi, sai dai a rubuta ranar da aka sa shi, a san yana da wa'adi. Sa'an nan akwai na roba tokunbo, wanda aka ciro daga wani tsohon inji. Wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin sa'an wanda ya fashe ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mai niyyar sayen irin jif ɗin nan, tun kafin ya biya ya sa bakanike ya haska ya gani ko roba ce ko ƙarfe. In roba ce, motar kuma ta haura shekara bakwai ko takwas, ya sa kuɗin canjin cikin kuɗin sayen, a yi aikin a gareji da inji mai sanyi tun bai fashe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida kuma in direbansa ya ce ruwa na raguwa, ya ɗauki maganar da nauyi, gama mutumin da ke buɗe bonet ko wace safiya shi ne zai fara gani. In kuwa abin ya riga ya faru, kafin a yanke wa direba hukunci a ɗaga manifol a dubi bututun. In an same shi a tsage, ya koma ruwan ƙasa, yana marmashewa a hannu, to, shekaru ne da zafi suka yi aikinsu, ba hannun mutum ba.